Akwatunan Kayan Noma

Litinin, da hantsi

Jirgin ruwan ya iso. Tsoho ne, baƙi, tsatsa ta cinye gefensa. Takardarsa ta ce kayan noma ne a ciki. Na tsufa a tashar nan ina ba da hannu a bakin ramin jirgi, ban taɓa ganin garmar da sojoji ke gadi ba.

Aikina shi ne in tsaya a bakin rami, inda ake jibge kaya a cikin jirgi. Ƙanena Auta yana can sama a ɗakin gilas na kiren, injin da ke ɗaga kaya. Daga inda yake zaune ba ya ganin cikin ramin, hannuna kawai yake gani. In na juya ɗan yatsa sama ya ɗaga, in na juya shi ƙasa ya sauke, in na shimfiɗa hannu ya tsaya cak. Kamfani ya raba mana oba-oba, rediyon magana ta hannu, Auta ya jefa tasa cikin akwatin sifana, wai shi hannun Yayansa ya sani. Inna tana mana tsiya, ta ce a gida ko ruwa na aike shi ba ya zuwa, a tasha kuma ɗan yatsana ke juya shi.

Yau ban ba da hannu ba. Ƙungiyarmu ta ma'aikata ta ce kada wanda ya taɓa jirgin sai an yi taro.

Talata, da yamma

An yi taron a rumfar cin abinci. Baba Duniya ya hau kan tebur. Tsohon ma'aikacin jirgi ne, ya yi yawon teku har kansa ya yi fari, yanzu shi ne sakataren ƙungiyarmu. Mun laƙaba masa Duniya ne saboda ko makullin bayi ka tambaye shi sai ya fara da "ma'aikatan duniya".

Ya ce, "Bindigogi ne da harsasai a akwatunan nan. Can cikin ƙasa za a kai su, wurin haƙar ma'adinai, inda mahaƙa suka ajiye aiki. Mai mahaƙar shi ne mai tashar nan, shi ne mai jirgin. Ba ku taɓa ganin fuskarsa ba, ba kuwa za ku gani ba. Dutsen da suke haƙowa mu muke loda shi a arha, a ƙera waya da shi a ƙetare, a dawo a sayar mana muna godiya. A da sai an turo gwamna da tuta kafin a mallake ku. Yanzu kamfani ya isa. Sojan ma naku ne, ku kuke ciyar da shi."

Na miƙe na ce, "Baba, mu ina ruwanmu da mahaƙa? Sun taɓa aiko mana da ko gaisuwa?"

Ya ce, "Kafin jirgin nan ya zo nan, tasha bayan tasha an ƙi sauke shi. Waɗanda suka ƙi ɗin ko harshen mahaƙan ba sa ji. An kawo shi nan ne don an ce mu mun fi kowa yunwa."

Auta ya ja min riga ta baya. "Yaya, don Allah zauna, kana ba mu kunya."

Aka kwashe da dariya. Da aka ce masu goyon bayan yajin aiki su ɗaga hannu, nawa ne na ƙarshe, amma ya tashi. Ni ba ɗan gurguzu ba ne. Littattafan Baba ko bangonsu ban taɓa buɗewa ba. Raina ne ya ɓaci da zancen yunwar nan.

Alhamis, da rana

Manaja ya fito da baki kamar zuma, ya kira mu iyalinsa. Aka yi masa ihu ya koma.

Asabar, da yamma

'Yan kwantar da tarzoma sun zo bakin get da safe. Ko magana ba su yi ba, sai barkonon tsohuwa, sai kulki. Gajere, tsohon da ke ɗaure kaya da igiya a ƙungiyar aikinmu, sun taru a kansa sun yi masa dukan kawo wuƙa, yana ƙasa yana zagin kakanninsu. Na samu nawa a kafaɗa. Mun rama da duwatsu da guntayen katako har suka ja da baya, an fasa musu gilashin mota, wani daga cikinsu ya bar takalmi ɗaya.

Auta ya dawo gida da fasasshen leɓe yana dariya, jini har wuyan riga. Ya ɗauko takalmin ɗan sandan ya kafa a kan katanga wai abin tarihi. Inna ta wanke masa baki da ruwan gishiri tana dungure masa kai. Matata ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta, ban hana ta ba.

Na ce da Auta daga gobe ya zauna a gida. Ya ce, "To, Yaya." Na san irin wannan to ɗin.

Litinin

Ba zan rubuta na yau ba.

Talata, da hantsi

Abu na farko da ake koya wa sabon shiga a tasha shi ne, in ka ji ƙara kada ka gudu, ka tsaya ka dubi sama. Abin da zai kashe ka daga sama yake zuwa, mai gudu kuma ƙarƙashinsa yake shiga. Ni Gajere ne ya koya min, da mari mai kyau, ranar da sarƙa ta tsinke na ruga. Tun daga nan ko faranti ne ya faɗi a gida sai na samu kaina ina kallon rufi.

Jiya sojoji ne suka zo. Muna cike da bakin get. Da aka yi harbin farko, mata masu sayar da abinci suka zube ƙasa, direbobi suka shige ƙarƙashin motocinsu. Mu kuwa, ɗaruruwan ƙartin maza, muka tsaya ƙiƙam muka ɗaga kai muna kallon sama. Babu komai a saman, sai tsuntsaye da suka tashi. Muna nan tsaye, wuya a miƙe, suka buɗe mana wuta.

Gajere yana gefena. A wuya ya same shi. Na toshe da hannu, jinin yana fita ta tsakanin yatsuna da ɗumi, idonsa a buɗe. Na kira shi, na sake kiransa. Wani ya taka ni ya wuce. Takalma ko'ina, huluna, wani yana jan ƙafarsa da ta rage fata ce kawai ke riƙe da ita. Ban san adadin waɗanda suka faɗi ba. Rediyo ta ce mutum biyu ne, ɓata-gari. Allah ya isa.

Sun tafi da Auta. Na gani da idona. Wani daga ofis yana cikin motarsu da baƙin tabarau yana nuna masu tuƙa kiren. Sauran sun sha, Auta kuwa ya tsaya ɗaukar wani da aka harba. Suka sa masa gindin bindiga a ƙeya, suka ja shi ta ƙafa, kansa yana bugun kwalta.

Na wanke hannuna ya fi a ƙirga. Ƙarƙashin farce bai fita ba.

Laraba, da yamma

Bariki sun ce ba ya wurinsu. 'Yan sanda sun ce ba ya wurinsu. Asibiti sun buɗe min ɗakin gawa na duba fuska bayan fuska. Na san da yawa. Ba ya ciki.

Alhamis, da safe

Inna ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta wanke duk kayan gidan, har waɗanda ta wanke jiya. Ina shan shayi ta tsaya a kaina ta ce, "Kai ka kai shi tashar nan. Yana gyaran babur ɗinsa lafiya lau ka ce aikin kiren ya fi. A hannunka na damƙa shi."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Na bar shayin.

Juma'a

Babu labari.

Asabar

Babu labari. Jirgin yana nan.

Lahadi, da rana

Na samu Baba Duniya a bayan shagon wani mai faci, inda yake ɓoye tsakanin tsofaffin tayoyi, kansa naɗe da bandeji. Yana ganina ya zaro waya yana rawar jiki, yana nuna min hotuna. Ga 'yan tasha a wata ƙasa mai sanyi, da manyan riguna, sun ɗaga ƙyalle da sunan tasharmu. Ga mata masu ɗinki a wata ƙasar sun fito titi. Ga ɗalibai sun tare ƙofar ofishin kamfanin a can inda masu shi suke.

Na ce, "Baba, wanne daga cikin hotunan nan ne zai buɗe ƙofar bariki?"

Ya ce, "Kada ka raina. Kamfani ya nemi ya kawo mai tuƙa kiren daga waje. Duk inda suka je ƙungiyar can ta hana. Ko mutum ɗaya ba su samu ba."

Sai maganar ta shige ni. Na ce, "Wato Auta kaɗai gare su."

Ya mayar da wayar aljihu.

Na ce, "Wato goyon bayan naku ne ya sa ba za su sake shi ba."

Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Tsoho sa'an ubana, na haɗa shi da bango, tayoyi suka zubo mana. Bai ko ɗaga hannu ba. Mai faci ne ya ɓanɓare ni. Baba yana tari ya ce, "Jari-hujja ne ya kama ƙanenka, ba ni ba." Na ce ya nuna min gidan jari-hujjan in je in shaƙe shi, in ba haka ba shi ne a kusa.

Na fito ina jin kunya, kuma ban huce ba.

Talata, da yamma

Yana da rai. Mai shara a tasha, wanda sojoji suka tilasta wa wanke bakin get, shi ya zo ya faɗa min. Ya ce jiya sun hau da Auta kan kiren, suka tsayar da wani soja a bakin rami yana ta wurga hannu kamar mai korar ƙuda. Auta ya ce musu kaya irin wannan ba a ɗaga shi da ka, in akwati ya bugi gefen rami duk tashar za ta tashi. Ya ce shi bai iya karanta hannun kowa ba sai na Yayansa. Suka sauko da shi suka yi ta bugunsa da bel a gaban mai sharar har ya daina motsi, sannan suka watsa masa ruwa.

Na san Auta. Ya faɗi haka ne don ya zame musu. Wawan yaro, bai san ya nuna musu ƙofar gidanmu ba.

Na gaya wa Inna yana da rai. Sauran ban gaya mata ba.

Laraba, da la'asar

Sun zo. Na zaci za su ɓalle ƙofa, sai ga wani hafsan soja shi kaɗai ya yi sallama, yaransa suna waje cikin mota. Mutum mai tsabta, yana ƙamshin turare. Ya gaida Inna har da rusunawa, ya kira ta Mama. Ya buɗe leda ya shimfiɗa rigar aikin Auta a kan tabarma. Ta bushe ta yi tauri da jini, hannu ɗaya a yage.

Ya ce, "Ni ma aiko ni aka yi. Ban san mai kayan ba, ban damu in sani ba. Gobe da safe ka zo ka ba ƙanenka hannu. Akwatin ƙarshe yana sauka ku taho gida tare. In ba ka zo ba, to ba shi da sauran amfani a wurina."

Ya sha ruwan da Inna ta kawo, ya yi godiya, ya fita.

Inna ta ɗauki rigar ta rungume. Ta ce, "Je ka ɗauko min ɗana."

Na ce, "Inna, kin san abin da ke cikin akwatunan."

"Ban haifi mahaƙa ba. Shi na haifa."

Laraba, kafin magariba

Na koma wurin Baba. Shatin yatsuna yana wuyansa. Na faɗa masa komai. Yau dai bai ce ma'aikatan duniya ba. Ya daɗe yana murza wani guntun roba.

Ya ce, "Ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba. Su ma na can suna da iyaye mata, shi ke nan abin da na sani."

Na ce, "Ai ka riga ka faɗa."

Ya ce, "Ka yafe min."

Zan je. Su kira ni maci amana, su tofa min yawu a titi, su ƙona gidan in sun ga dama. Gajere ya yafe min. Zan je.

Alhamis

Na je.

Asabar

Mun binne shi jiya.

Litinin, da hantsi

Bari in rubuta, ko zan samu in daina gani.

Tashar wayam, babu kowa sai sojoji da manaja yana tsaye nesa da hular kwano sabuwa fil. Ma'aikatan jirgin sun jeru a gefen ƙarfe, ramammun mutane na wata ƙasa, an ce sun yi watanni ba su taka tudu ba. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya girgiza kai. Na kau da fuska.

Sojoji sun riga sun ɗaure akwatunan farko, ɗaurin banza. Na sauka ramin na kwance na sake ɗaurewa yadda ya kamata. Har yanzu ina mamakin kaina. Na hau na tsaya a wurina, hafsan yana bayana da oba-oba a hannu.

Na ɗaga kai. Auta yana cikin gilas. Fuskar ta kumbura, ido ɗaya a rufe, soja yana tsaye a bayansa. Ya gan ni. Na tabbata ya gan ni, don ya gyara zama.

Na ɗaga hannu na juya ɗan yatsa sama.

Igiya ba ta motsa ba.

Na ce ko idon ne. Na matsa inda rana ke haska ni, na sake. Na sake. Tun ranar da ya fara hawa kiren bai taɓa barin hannuna ya jira ba. Na yi ta juyawa har kafaɗata ta ɗau zafi, ina cewa Auta ɗaga, don Allah ɗaga, don darajar Inna ɗaga, alhali na san ba ya ji.

Sai ya saki sitiyarin injin. Ya shimfiɗa hannu a jikin gilas, sosai, yadda nake yi masa. Tsaya.

Dokar tasha ce, ɗagawa hannun mutum ɗaya ake bi, tsayawa kuwa ko wa ya ba da ita sai a tsaya. Ban yi shawara da zuciyata ba. Hannuna ne ya faɗi da kansa.

Hafsan ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a tsaya."

Ya kai min duka da oba-oba a baki, haƙorina ya fita. Ya yi magana a cikinta ya ce a koya wa na sama hankali. Daga ƙasa ba a jin komai, gani kawai ake. Gindin bindiga yana tashi yana sauka, yana tashi yana sauka. Na ga Auta ya juya ya rungume sojan. Sai ƙara. Gilashin ya yi ja daga ciki.

Hafsan da kansa ya ɗura wa sojan ashar, ya yi jifa da hularsa. Suka rufe ni da duka, ban ji ba, jiya ne na gane haƙarƙarina biyu sun karye. Ina kwance na ji injin murfin rami ya tashi. Ma'aikatan jirgin ne suke rufewa, kyaftin ɗinsu yana ta ihu ba wanda ya waiwaye shi.

Da tamfol suka sauko da Auta.

Laraba, da rana

Jirgin ya tafi da kayansa. An ce tashar gaba ma ta rufe ƙofa.

Alhamis, da yamma

Baba Duniya ya zo gaisuwa, ya fito daga ɓoye. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka kamar yaro. Da ya share hawaye ya nuna min waya. An buga hotonmu ni da Auta a manyan ƙyallaye, ana yawo da shi a garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Ya fassara min rubutun: 'yan'uwa biyu da suka ƙi. Ya ce mahaƙa sun tsaya shiru a bakin ramukansu saboda mu. Ya kama hannuna na dama da hannu biyu ya ce wannan hannun ya hana a zubar da jinin dubbai.

Na bar shi ya riƙe. 

Bayan ya tafi Inna ta fito. Tun ranar ba ta yi min magana ba. Ta zauna a tabarma kusa da ni.

Ta ce, "Ana cewa ka ƙi."

Na ce, "Ban ƙi ba, Inna. Na yi abin da kika ce. Na ba shi hannu har kafaɗata ta mutu."

"To?"

"Shi ne bai karɓa ba."

Ta dubi ƙasa. Sannan ta ce, "To ni yanzu da wa zan yi fushi?"